Wa Zai Fito a Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga yayana, Mai Agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da maman yara, da yaran, da duk 'yan ƙungiyar wasa. Na kira ka a waya har na gaji, kullum sai a ce kana wurin gwaji. Shi ya sa na ba direban kamfaninmu wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu.

Yaya, akwai magana, kuma na fi so ka ji ta daga gare ni kafin ka tsince ta a bakin mutane. Kamfanin da nake wa aiki ya sami izinin iyalan marigayi Malam, marubucin nan, za a mayar da wasansa na mai gyaran agogo ya zama fim. Fim na silima sosai, ba irin shirinmu na talabijin ba. Ni aka zaɓa in fito a mai gyaran agogon.

Na san abin da zai fara zuwa ranka. Wallahi sunanka na fara kawowa. Na ce musu ga wanda ya yi shekara da shekaru yana wannan wasa a dandamali, har mutane suka manta sunansa na yanka. Daraktan ya ce ya sani, ya ma taɓa kallonka yana ɗalibi, amma masu zuwa silima fuskar da suka sani suke bi. Ban iya ja da shi ba.

Abin da na samo maka shi ne mai sayar da jarida, maƙwabcin shagon. Fitowar ba ta da yawa, amma tana da daɗi, kuma na sa an ƙara masa magana. Za a ba ka masauki mai kyau, ɗakinka kai kaɗai. Ka zo, Yaya, ko don mu yi aiki tare sau ɗaya a gaban kyamara. Inna za ta ji daɗi.

Na aiko wa yara hotunana na sabon zangon shirin, tunda babbar ta daɗe tana tambaya.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta.

*

Zuwa ga Babbar Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan ƙafar tata ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, in dai ana kiran wannan lafiya.

Na san Autanku ya riga ya gaya muku, don kullum ku yake fara gaya wa abin daɗi. Shi ne zai zama mai gyaran agogo, ni kuma in tsaya a gefe ina ɗaga jarida. Har da cewa za a ba ni ɗaki ni kaɗai. Kin ji gata.

Yaya, ke shaida ce. Wa ya kai Auta ɗakin wasa? Fitowarsa ta farko gawa na sa shi ya yi, don ita ce kaɗai ba ta buƙatar magana, kuma gawar ta yi atishawa ana tsakiyar kuka a kanta. Ni na koya masa yadda ake tsayuwa ba a ba 'yan kallo baya ba. Ni na koya masa numfashi. Ranar da gidan talabijin suka zo neman 'yan wasa, ni suka zo nema, shi rakiya ya yi mini yana riƙe da jakata. Na yi musu wasa har gumi ya jiƙa mini riga. Suka ce muryata ta yi wa na'urarsu yawa, idona ya cika zarewa. Shi kuwa yana jingine da bango yana hamma, wata mata ta nuna shi ta ce, "Wancan fa? Ya yi kama da likita." Shi ke nan. Daga hamma ya zama Likita, yau ƙasa duka ta san shi.

Na haɗiye wannan. Na haɗiye ranar da mai shagon bakin layinmu ya kira ni "yayan Likita," mutumin da ya yi shekaru yana ce mini Mai Agogo. Na haɗiye hotunansa da 'yata ta jera a bangon ɗakinsu, nawa ko ɗaya babu. Da na yi magana sai ta ce, "Baba, kai ai kullum muna ganinka." Na ce ba komai, shi ya riƙe akwatinsa na talabijin, ni ina da dandamalina, ina da mai gyaran agogona. Abu ɗaya tak nake da shi wanda ba shi da shi, kuma shi ya miƙo hannu ya ɗauka, yana kiran abin alheri.

Kin san kowace rana sai na bi ta gaban wani ƙaton allo a mahaɗar hanya, inda yake murmushi yana riƙe da man goge baki? Na canja hanya. Yanzu ta bayan kasuwa nake bi, ta cikin kwata da masu wankin mota, in isa wurin gwaji takalmina a jiƙe.

Ba zan je ba. Ki gaya masa, don ni in na ɗauki alƙalami zan rubuta abin da ba shi da kyau.

Ki gaida maigidan.
Ƙaninki, Mai Agogo.

*

Zuwa ga ƙanena Mai Agogo,

Wa alaikas salam. Mun ga takardarka. Ƙafar Inna da sauƙi, sai dai ba ta son zama wuri ɗaya, ka san halinta.

Ban karanta mata duka ba. Na karanta gaisuwar, na tsallake sauran, ta ce, "Duk wannan takarda mai yawa gaisuwa ce kawai a ciki?" Na ce ai ka san ɗanki da dogon bayani.

To, bari in gaya maka, tunda ni ba ɗaya daga cikin 'yan kallonka ba ce balle in tafa maka. Duk abin da ka lissafa gaskiya ne. Kai ka koya masa, kai aka zo nema. Amma shekara nawa ke nan kana ba mu wannan labari na hamma? Ko yaran gidana sun haddace shi. Hamma ta shigar da shi, na yarda. Hamma ce ta riƙe shi a wurin har yau? Ka taɓa zama ka kalli shirin nan daga farko har ƙarshe? Maman yara ta ce da an fara kiɗan buɗewa kake tashi ka ce za ka duba famfo.

Ni ba zan kai masa saƙon ƙi ba. Ni ba 'yar aikenka ba ce, na girme ka. Kuma ka sani, Inna ta riga ta gaya wa duk matan layi cewa 'ya'yanta biyu za su fito a silima tare. Ta sa an gyara mata gilashinta saboda wannan. In kana da ƙarfin halin ce mata ba za ka je ba, ga hanya nan, ka zo ka faɗa mata da bakinka.

Ka daina bi ta cikin kwata, kada ka ɗauko mana wata cuta. Allo ne kawai, ba ya cizo.

Yayarka.

*

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa, na sami takardarka, na kuma gode da tunawa da aka yi da ni. Zan zo in yi mai sayar da jarida kamar yadda aka tsara. Ba sai an turo mini mota ba, na san tasha. Masauki ma kada a wahala, akwai wani tsohon abokin wasanmu da zan sauka a wurinsa.

A sanar da ni ranar da ake buƙatata da irin kayan da zan sa.

Yara sun ga hotuna.

Wassalam.
Yayanka.

*

Zuwa ga Babbar Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku. Na dawo gida tun shekaranjiya. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Kin ce in je, na je. Sun gina shagon a cikin wani ƙaton sito, da teburinsa, da agogunan bango, har da ƙura a kan gilashi. Mu a dandamali tebur ɗaya ne da agogon kwali. Na tsaya ina kallon shagon da na yi rabin rayuwata ina nuna wa mutane da baki da hannu, ga shi an gina wa Auta shi da katako. Mutum ɗaya na riƙe masa lema, wata na share masa gumi, wani na biye da shi da kujera.

Ba zan ɓoye miki ba, addu'a nake a raina ya kasa. Musamman wurin da mai gyaran agogo yake gane idonsa ya fara mutuwa, alhali 'yarsa na zaune a gefe ba ya son ta sani. Ni a nan nake miƙewa, in cire gilashin idon in yi jifa da shi, in yi ƙara har na kujerar ƙarshe ya ji a ƙirjinsa. Na ga manyan mutane suna share hawaye a wannan wuri. Na ce bari in ga yadda Likita zai yi da 'yar muryarsa.

Yaya, bai ko tashi ba. Ɗan sukuru ya faɗi daga hantsakinsa, ya sa tafin hannu yana lalube a kan tebur, a hankali, don kada yarinyar ta lura. Sukurun na nan dab da yatsansa, kowa na gani ban da shi. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "An ɗauke wuta ne?" Yarinyar ta ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To." Iyakar abin ke nan. Sito ya yi tsit. Mai riƙe da sandar ɗaukar magana, wani ƙato, na ga yana goge ido da kafaɗa. Ni kuwa, da Auta ya lalata wasan da na yafe masa.

Da aka zo kaina, magana ce 'yar kaɗan: in leƙo in ce masa ga jarida, in tsokane shi. Daraktan ya yi ta tsayar da ni. "Baba, a rage murya." "Baba, hannun ya fita daga hoto." Aka yi ta maimaitawa har masu fitila suka fara duban agogo. Sai Auta ya taso ya dafa kafaɗata a gaban kowa, ya ce, "Yaya, ka yi kamar da ni kaɗai kake magana. Ba kowa a kujerar baya." A hankali ya faɗa, amma ya manta da ƙaramar na'urar da ke maƙale a rigarsa. Duk masu abin ji a kunne suka ji. Wata ta yi dariya.

Na ajiye jaridun a kan teburinsa na fita. A bakin ƙofa na ci karo da wani ɗan jarida da ke jiran Likita, ya tambaye ni ko ni ne yayansa. Na tsaya na yi magana da shi. Na yi magana da yawa. Ban san abin da zai buga ba.

Ki yi mini addu'a, raina ba daɗi.
Ƙaninki.

*

Zuwa ga Babbar Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna. Na ji kin kira, ban ɗauka ba ne don ba na so in yi kuka a waya a gaban mutane.

Kin ga jaridar, na sani, tunda an ce maƙwabciyarku ta kai wa Inna har ɗaki ta karanta mata. "Ƙanena fuska ce kawai, wasan nawa ne ya sace." Da manyan baƙaƙe, da hotona a ƙasa. A ciki har da cewa bai taɓa ganin na yi abin da za a kira wasa ba.

Yaya, da wani ne ya faɗa, da ko a jikina. An zage ni a jarida ba sau ɗaya ba. Amma tun ranar da na fara fitowa a talabijin, duk abin da na yi, tambayar da ke raina ita ce, shi zai ce ya yi? Na karɓi lambar yabo, kowa ya kira ni, har malaminmu na firamare. Shi sai bayan sati ya aiko a ce mini hular da na sa ba ta dace da rigar ba. Na yi dariya a lokacin. Ranar da na yi wurin sukurun nan, da aka ce a tsaya, shi na fara nema da ido. Yana can yana kallon rufi.

Daraktan ya ba wani ɗan wasa fitowar mai sayar da jaridar, an ɗauka an gama. Na roƙa a jira shi, aka ce ba lokaci, kuma gaskiyarsu ce. Yanzu a wurin aiki da na shigo sai hira ta tsaya.

Kin aiko mini cewa in kira shi don shi ne babba. Ba zan kira ba. Kullum ni ne mai kira. Ki ba Inna haƙuri, ki ce mata ina nan zuwa in an gama ɗauka, amma ki zaɓa mini ranar da ba ya nan.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyalinka. An daɗe. Babbar Yaya ta zo har gida ta zauna a kaina kwana da kwanaki, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga na rufe ambulan. Tana nan a tsakar gida yanzu tana jira. Amma abin da ke ciki nawa ne, ba ita ta faɗa mini ba.

Na kalli fim ɗin. Na je nunin rana, na zauna can baya da hula har gira, kamar wani zai gane ni. Ba wanda ya gane ni. Na yi kuka a wurin sukurun, na kuma yi a wurin da yarinyar ta karɓi hantsakin daga hannunka. Na fito ina jin haushin kaina da haushinka. Wasa ne ka yi, Auta, wasa na gaske, kuma abin da na gaya wa ɗan jaridan nan ƙarya ne. Na san ƙarya ne tun ina faɗa.

Bayan fitowar fim ɗin ɗakin wasanmu ya cika, irin cikar da muka daɗe ba mu gani ba. Na yi murna, na ɗauka sun zo ganin na asali. Da na kai wurin, na miƙe na yi jifa da gilashin, sai wani saurayi ya ɗaga murya daga tsakiya, "Ba haka ake yi ba! Ka ce an ɗauke wuta ne!" Aka fashe da dariya. Na ƙarasa wasan don ban taɓa barin dandamali a tsakiya ba. Da aka ja labule na gaya wa 'yan ƙungiya na gama da mai gyaran agogo. Naka ne yanzu, har a ɗakina.

Ɗakin ma ba zai daɗe ba. Mai ginin ya ba masu sayar da kujeru da gadaje haya, sun riga sun zo sun auna dandamalin.

Yanzu ga abin da ya fi mini wuya. Furodusan shirinku ya aiko. Suna neman wanda zai fito a mahaifin Likita a sabon zango, tsoho mai faɗa da taurin kai, ya ce da ya ga yadda na fita daga siton nan ya san ya samu. Amma ya ce bayan abin da ya faru ba zai sa ni ba sai in kai ka yarda. Na so in ce masa ya riƙe abinsa. Na dubi yaran nan, na dubi maman yara, na kasa.

Don haka ga ni ina roƙonka aiki. Kada ka ɗauka don aikin na ba ka haƙuri, ko da yake na san haka abin zai yi kama, kuma ba ni da yadda zan raba maka su. Ba zan kuma ce maka zuciyata ta wanke ba. Har yanzu in na ga mutane sun taru a kanka sai ƙyashi ya kama ni. Na yi addu'a a kai, na yi wa kaina faɗa, bai tafi ba. Wataƙila da shi zan mutu. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne ba zai ƙara fita ta bakina ba.

In ka ce a'a, ba zan kai ƙara wurin Inna ba.

Ka gaida matarka.
Yayanka.

*

Yaya,

Na ga takardarka. Na ce musu to.

Ban huce ba, kada ka zo kana zaton za mu rungume juna a bakin ƙofa. Mu fara da aiki, sauran sai yadda Allah ya yi.

Ana fara ɗauka farkon wata. Na karanta kashi na farko: Likita zai dawo gida, mahaifinsa zai mare shi a gaban baƙi. Daraktan ya ce in tuna maka cewa marin ƙarya ake yi, hannu ba ya taɓa kunci. Ni ma ina tuna maka.

Ka gaida yara.
Auta.